Wai har yanzu Ba'amurke na yi wa ɗan Rasha kallon abokin gaba ne?

Abu Hafsa (Jidda):
Salamu alaikum 'yan uwa. Tun zaman da Rubio da Lavrov, ministocin harkokin wajen Amurka da Rasha, suka yi a Riyad a Fabrairun 2025 muke ta musu da wani abokin aikina, shi wai Ba'amurke har abada ba zai so ɗan Rasha ba, ni kuma nace haba yanzu ai duniya ta cakuɗe, ga intanet ga tafiye-tafiye. Masu sani dan Allah ku raba mana gardama.

Malam Sani (Madina):
Wa alaikumus salam. An samu sauyi sosai kam. A 1983 shugaban Amurka Reagan ya kira Tarayyar Sobiyet muguwar daula, amma 1988 sai gashi a Mosko yana yawo da shugaban Sobiyet Gorbachev, da aka tuna masa maganar yace ai wancan zamani ne daban. 1990 McDonald's, gidan abincin Amurka, ya buɗe a Mosko mutane suka yi ta bin layi awa da awanni. Da Sobiyet ta wargaje a 1991 'yan Rasha suka ƙara kwarara Amurka, har unguwa gare su a Niyok, Brighton Beach, to mutumin da ya zama maƙwabcinka ko likitanka ai ka daina yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Shi kanshi Sergey Brin, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, a Mosko aka haife shi.

Ummu Aiman (Makka):
Malam duk na yarda amma wannan ai da ne. Daga ƙwace yankin Kirimiya da Rasha ta yi daga Yukren a 2014, sai zargin ta yi kutse a zaɓen Amurka na 2016, sai yaƙin Yukren 2022, komai ya koma baya, McDonald's ɗin ma sun tattara sun bar ƙasar. Har giyar vodka aka riƙa zubarwa a mashaya a Amurka alhali yawancinta ba ma a Rasha ake yinta ba, abin dariya wlh. Ni inaga abokin Abu Hafsa ya fi gaskiya, yawancin Amurkawa basu taɓa zama da ɗan Rasha ba, abinda talabijin ta nuna musu shi suka sani.

Ɗan Karantina:
Hajiya a raba Putin da talakan Rasha mana. Daga 2011 zuwa 2020 'yan sama jannatin Amurka a kumbon Soyuz na Rasha suke hawa sama, ana rigimar Kirimiya ana tafiya tare. Kuma ku tambayi samarin Amurka labarin Khabib, ɗan damben yankin Dagestan na Rasha da ya yi wa ɗan dambe McGregor laga-laga a Las Vegas 2018, da yawa ta dalilinsa suka san akwai musulmi a Rasha. Mu dai nan mun daɗe da sani, kowace shekara muna ganin alhazansu a Mina.

Abu Hafsa (Jidda):
Tayyib, na gode. Gobe zan nuna masa a wurin aiki, na Hajiya dai zan tsallake 😂