Abin da aka tsayar a hirar gyaran fata

Batun rana aka fi ja-in-ja a kai. Wasu sun dage cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga hasken rana, amma masu sani suka ce rana ce kan gaba wajen yamutsa fata da kawo tabo, don haka a riƙa shafa man kariya mai SPF 30 (ma'aunin ƙarfin kare fata daga rana) kafin fita. Man bilicin ya sha suka, kuma ya cancanta: mai sinadarin steroid (maganin rage kumburi) yana sirantar da fata, mai sinadarin mercury (wani ƙarfe mai guba) yana lalata ƙoda. Lemon tsami da man goge baki a kan ƙuraje kuwa, ƙona fuska kawai suke yi. Da hunturu, man kaɗanya bayan wanka ya wadatar. Retinol, wani sinadarin man shafawa dangin bitamin A, na rage tamoji, sai dai mai juna biyu ta guje shi.