Ko gwamnoninmu sun taɓa ajiye jam'iyya domin intanet ya isa karkara?

Malamin Ƙauye:
Assalamu alaikum. Ina koyarwa a wani ƙauye inda sai mutum ya hau tudun bayan makaranta, ya ɗaga waya sama, kafin saƙo ya tafi. Ɗalibaina kan biya kuɗin acaɓa zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma don duba sakamakon jarrabawa kawai. Tambayata ita ce, shin 'yan siyasarmu sun taɓa haɗa kai a kan wannan matsala ba tare da duba jam'iyya ba?

Injiniyan Sadarwa:
Wa alaikumus salam, Malam. An taɓa yi, kuma a kan abin da ya fi muhimmanci, wato kuɗin da jihohi ke karɓa kafin su bar kamfani ya haƙa rami ya binne wayar faiba, wadda ke ɗauko intanet. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnonin kowace jam'iyya ke zama a cikinta, ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. Sai a 2020, lokacin da Isa Ali Pantami yake ministan sadarwa, ƙungiyar gwamnoni ta sabunta alkawarin. Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, Anambra da ke hannun jam'iyyar APGA ita ma ta yafe. Dalilin da ya sa haɗin kan ya zama dole shi ne, waya ɗaya takan ratsa jihohi uku ko huɗu, don haka idan guda ta tsawwala, kamfani sai ya tsaya a birane inda zai mayar da kuɗinsa.

Hajiya Mai Shago:
Injiniya, na yarda da bayaninka, sai dai sa hannu a Abuja daban, aiki a ƙasa daban. A garinmu masu gyaran titi sun sha datse wayar da aka binne, na'urar POS ɗina ta yi kwanaki ba ta aiki.

Malamin Ƙauye:
Na gode muku. Zan tattara iyayen yara mu rubuta wa ɗan majalisar jiharmu, mu tambaye shi nawa jiharmu ke karɓa a kan kowace mita a yanzu.