Tausa ga masu ciwon da ba ya jin magani da wuri: abin da aka tattauna

A zaman da masu jinyar 'yan uwa suka yi a Katsina, an fi daɗewa kan masu sikila, musamman da yake hunturu ya kusa. Shawarar da ta fi yawa ita ce a gasa gaɓar da ke ciwo da tsumma mai ɗumi, sannan a shafa man kaɗanya a hankali. Ban da ruwan sanyi ko ƙanƙara, domin sanyi na tsuke jijiyoyin jini ya ƙara tayar da ciwon. In da zazzaɓi ko ciwon ƙirji kuwa, asibiti za a nufa.

Masu ciwon suga a duba musu tafin ƙafa kafin a taɓa, don wasu ƙafar ta daina ji, sai a ji musu rauni ba su sani ba.

Wata dattijuwa ta ce tausa na saukar da hawan jini. Tausa na kwantar da jiki dai, amma a ganina ba dalilin ajiye ƙwaya ba ne.

Inda kowa ya yarda: ƙauri ɗaya da ya kumbura, yana zafi, kada a murza shi, wataƙila gudan jini ne, zai iya tafiya huhu. Mai shanyewar ɓarin jiki kuma a kai shi sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, a koya wa masu jinya yadda ake motsa gaɓoɓin.