Don Allah a taimaka min, intanet na layin ADSL ya ƙi rabuwa a kwamfutoci huɗu

Salam 'yan uwa, kwana uku kenan ina fama wallahi har kaina ya ɗau zafi. Kwamfutoci huɗu ne a ɗan ofis namu, an ja mana layin waya na ADSL, na sa sifilita (abin raba layin tarho da na intanet) a bakin soket, wutar DSL a modem ta tsaya cak ba ta kiftawa, to layin lafiyarsa lau kenan. In na jona kwamfuta ɗaya kai tsaye na buga PPPoE (hanyar shiga intanet ɗin) da sunan da kamfanin ya ba ni komai na buɗewa, amma da na sa rauta (na'urar raba intanet ga kwamfutoci) a tsakani sai labari ya canza. Da farko modem da rauta duk a adireshi ɗaya 192.168.1.1 suke, na maida rautar 192.168.2.1 na kunna DHCP (mai raba adireshi da kansa), yanzu kowace kwamfuta tana samun adireshi, ping (gwajin ko saƙo na isa) na tafiya, Google na buɗewa amma wasu shafukan sai su yi ta juyawa har ka gaji ka rufe. Wani ya ce in rage MTU (iyakar girman ƙunshin bayanan da ake turawa) daga 1500 zuwa 1492, to a ina, a rautar ko sai na bi kowace kwamfuta? Kuma modem ɗin in maida shi birij ne (wato ya bar wa rautar buga PPPoE) ko in barshi haka?