Kuɗin yawon buɗe ido da haƙar kayan tarihi a Kano

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum. A wasu ƙasashe, kamfanonin yawon buɗe ido kan ware kuɗi su ba masu haƙar kayan tarihi tallafi, kasancewar da waɗannan wuraren suke cin abinci. Shin hakan zai yiwu a Kano, inda muke da Dala da badala da karofin Ƙofar Mata, kuma otal-otal kan cika da baƙi lokacin Hawan Sallah?

Malam Na Gwale: Wa alaikumus salam, 'yata. Zai yiwu, amma akwai abin da ya kamata a lura da shi tun farko. Mai harkar yawon buɗe ido yana son abin da baƙo zai gani ya ɗauki hoto, saboda haka zai fi saurin biyan kuɗin yaɓe da fentin ƙofa fiye da kuɗin tono. Alhali abin da ya nuna cewa an narkar da tama a Dala tun wajen ƙarni na 7 ba gini ba ne mai ƙayatarwa. Kashin maƙera ne da gawayin da aka yi wa gwajin kabon, wato gwajin gano shekarun abu. Irin wannan aikin yana cin kuɗi ne bayan an bar ramin: wanke tsingaro, auna shekaru a ɗakin gwaji, adana kayan, sannan rubuta rahoto. Duk tallafin da bai haɗa da waɗannan ba, a ganina, ɓarna ce, domin ƙasar da aka tona sau ɗaya ba ta komawa yadda take.

Mai Rakiyar Baƙi: Gaskiya ne, Malam, amma mu ma muna buƙatar binciken. Nakan gaya wa baƙi cewa Sarki Gijimasu ne ya fara ganuwa, Sarki Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, sai su tambaye ni hujjar da aka samo daga ƙasa. Tun 2007 ganuwar take cikin jerin masu jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO (hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya), yayin da Sukur na jihar Adamawa ya samu shiga a 1999, kurmin Osun-Osogbo kuma a 2005. Da za a ɗora wani ɗan kaso a kan kuɗin kwanan otal lokacin hawa, musamman tunda UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2024, da an samu asusu mai ɗorewa.

Hajiya Ta Fagge: Ɗaliba, ina tunatar da ke cewa doka ba ta yarda a yi tono ba sai da izinin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda Gidan Makama ke ƙarƙashinta. Ki nemi malaman sashen binciken kayan tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ku tsara takardar neman tallafin tare, kuma ku sa masu unguwannin da ke jikin badala a ciki tun daga farko, domin su ne suke ganin masu ɗibar ƙasarta.