Likita ya hana ni allurar rage ƙiba, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daga Katsina nake, unguwar Kofar Kaura. Tun haihuwata ta uku jikina ya ƙi komawa, atamfofina duk sun daina shiga ta. Na nemi likita ya rubuta min allurar Wegovy, ya auna ni ya ce BMI ɗina (wato ma'aunin ƙiba da ake kwatanta nauyin mutum da tsawonsa) 28 ne, kuma sai mai 30, ko 27 mai hawan jini ko ciwon suga ake ba. Ni ba ni da ko ɗaya.

Wata a WhatsApp ta ce za ta kawo min ba takarda. Wallahi zuciyata ba ta kwanta ba, don na ji ana yin jabunta, ga shi ina shayarwa. Don Allah likitocinmu, wace hanya ta rage min?