Shaidar CQC a aikin kula da mutane a gidajensu: abin dogaro ce ko takarda kawai?

Bashir, Leeds: Salamu alaikum jama'a. Jiya wata 'yar'uwa ta tambayi yadda za ta zaɓa wa surukarta kamfanin da zai riƙa turo mai kula da ita a gida. Aka ce ta duba shafin CQC, wato hukumar da ke sa ido kan asibitoci da kamfanonin kula da mutane a Ingila, in ta ga an ba kamfani shaidar "mai kyau" ta kwantar da hankalinta. Ni ban yarda ba. A wannan aiki namu na shiga gida-gida, shaidar nan ba ta gaya maka komai. Sufeto ofis yake zuwa, sau da yawa ma da sanarwar kwana biyu. Fayil zai gani, da jadawali, da takardar magani da aka sa wa hannu. Ba ya nan da sassafe lokacin da aka ba ni minti ashirin in tashi dattijo daga gado, in kai shi banɗaki, in canza masa kaya, in ba shi shayi da magani.

Hajiya Rabi, Manchester: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ka ɗauka da zafi. Ni manaja ce mai rajista, sunana ne a takardar, in abu ya lalace ni za a tuhuma. Ba fayil kaɗai suke dubawa ba. Suna kiran mutanen da muke kula da su da iyalansu, suna keɓewa da ma'aikata ba na wurin. Abu biyar suke bi: ko mutum yana cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana mutunta shi, ko ana biya masa buƙatarsa, da yadda ake shugabancin kamfanin. Kuma wayar da kake dannawa a bakin ƙofa don nuna lokacin shigarka da fitarka shaida ce. In ta nuna ma'aikaci ɗaya a gida biyu ƙarfe takwas, ko ziyarar rabin awa ta ƙare a minti goma sha ɗaya, babu bakin da zai kare manaja. Suna iya gindaya sharaɗi, su soke rajista, su kai kotu. Wannan ne ba komai ba?

Bashir, Leeds: Hajiya, in sun zo ke nan. Rahoton da Dakta Penny Dash ta rubuta wa gwamnati kan CQC a 2024 cewa ya yi kusan ɗaya cikin biyar na wuraren da hukumar ke da ikon dubawa ba a taɓa ba su shaida ba, kuma binciken da ake yi a lokacin bai kai rabin na kafin korona ba. An samu wurin da shaidarsa tun ta 2015 ce. Ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, da bakinsa ya ce hukumar ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa. Kamfanin da aka duba shekara biyar baya ya canza manaja, ma'aikatan sun watse, amma alamar tana nan manne a tagar ofis.

Hajiya Rabi, Manchester: Wannan kam gaskiyarka. Amma ai maganar tsufan shaida ce, ba rashin ma'anarta ba. Sai a ce da 'yar'uwar ta duba kwanan watan, ta karanta rahoton kansa, kada ta tsaya ga kalma ɗaya.

Maman Khalil, Birmingham: Ku yi mini haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikaciya ba ce, uwa ce. Ɗana yana da galahanga, yana zaune da wasu matasa biyu a gidan haya, ma'aikata suna zuwa taimaka musu dare da rana. Sai da muka shiga na gane CQC ba ruwanta da gidan kansa. A wajen doka gidansa ne, shi ne ɗan haya, mai gida daban, kamfanin kulawa daban. Abin da hukumar ke dubawa kulawar jiki ce kawai: wanka, sa kaya, banɗaki, ciyarwa. Lokacin sanyin bara bangon ɗakinsa ya yi baƙi da danshi har bayan gado. Kamfani ya ce na mai gida ne, mai gida ya ce ma'aikata ne ba sa buɗe taga. Ni ce na zo da bokiti da soso. Kuma abin da ya fi damuna ba bangon ba ne. Duk Asabar sai in tarar da shi gaban talabijin, alhali a tsarin da aka rubuta masa akwai fita ninkaya. A littafi an rubuta "ya ƙi fita". Yaron da ba ya magana, wa zai ƙaryata littafi?

Nafisa, Glasgow: Allah ya ƙara haƙuri Anti. Wannan "ya ƙi" ɗin mun san shi. Sau da yawa fassararsa ita ce ma'aikaci ɗaya ne ranar, ba zai iya fita da ɗaya ya bar biyu ba.

Maman Khalil, Birmingham: Amin 'yata. Shi ya sa zuciyata take wajen Malam Bashir. Winterbourne View, wurin da ake ajiye masu lalura irin ta ɗana, a 2011 ana cin zarafinsu, wani nas ya kai wa hukumar ƙorafi ba a bi ba, sai da BBC ta shiga da kyamarar ɓoye. Whorlton Hall, wani wuri irinsa, a 2019, shaidar "mai kyau" gare shi lokacin da aka nuna yadda ake cin zarafin mutane a ciki.

Hajiya Rabi, Manchester: Maman Khalil, waɗannan biyun asibitoci ne fa, ba gidajen haya ba. Hasali ma abin da ya faru a cikinsu ne ya ƙara ƙarfin kiran a fitar da mutane irin Khalil su zauna cikin gari.

Maman Khalil, Birmingham: To ai nan ne tsorona, ranki ya daɗe. Inda sufeto ke iya shiga kowane ɗaki bai gani ba, ina ga inda sai ya nemi izini?

Auwal, Bradford: Ina aikin jin daɗin jama'a a ƙaramar hukuma, don haka bari in taɓa ɓangarenmu, ko da ba daɗi. Kuna ta jan CQC, amma minti ashirin ɗin Bashir ba ita ta yanka masa ba. Yawancin wannan kulawa ƙananan hukumomi ne ke sayenta, awa-awa, a farashin da aljihunsu ya iya. Tun 2015 hukumar NICE, mai fitar da ƙa'idojin lafiya da kulawa, ta ce ziyarar kulawa a gida kada ta gaza rabin awa sai da dalili. A doka, lokacin tafiya daga gida zuwa gida yana cikin lokacin aiki wajen lissafin mafi ƙarancin albashi. Amma in kuɗin awar bai ɗauki man mota da zaman cunkoso ba, daga ina kamfani zai cike? Daga lokacin dattijon. Sufeto ya tarar da kamfani mai tsabtar fayil, ma'aikata masu kirki, ya ba shi shaida da gaskiyarsa, kuma tsohuwa ta sha shayinta a tsaye. Sai a 2023 aka sake ba CQC damar auna mu ma. Sannan Maman Khalil, hukumar ba ta warware ƙorafin mutum ɗaya. Ki fara da kamfanin a rubuce, ki haɗa da ma'aikacin jin daɗin jama'a na Khalil ki nemi a sake duba tsarinsa, in ba a yi ba akwai ofishin Ombudsman, mai sauraron ƙorafin jama'a kan ƙananan hukumomi da kulawa. Amma ki sanar da CQC ɗin ma, irin waɗannan bayanai ne ke sa su zo.

Nafisa, Glasgow: Yaya Auwal, akwai kuma wani giɓin. Nan Scotland ni kaina ina da rajista da SSSC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan kulawa rajista, in na ci amanar aiki za a cire sunana. Wales da Ireland ta Arewa ma haka. Ku a Ingila kamfani da manaja kaɗai ke da rajista, ma'aikaci sai binciken DBS, wato duba ko yana da tarihin aikata laifi, da horon farko.

Bashir, Leeds: Rajista tana hukunta ma'aikaci, ba ta buɗe masa baki. Mu ne muke ganin ƙwayar safe tana nan cikin kofi da azahar, mu ne muke ganin gyambon kwanciya tun yana ja. Amma yawancinmu da biza muka shigo bayan an buɗe wa ma'aikatan kulawa daga ƙasashen waje ƙofa a Fabrairun 2022, kuma bizar a hannun kamfani take. Gwamnati ta ce daga tsakiyar 2022 zuwa ƙarshen 2024 ta soke lasisin ɗaukar baƙi na kamfanonin kulawa sama da 470, abin ya shafi ma'aikata fiye da 39,000. Wanda ya tona asirin kamfaninsa, in aka rufe shi, shi ne zai fara neman mai ɗaukar nauyinsa. Sufeto ya tambaye ni ko lokaci yana isata, me kuke zaton zan ce?

Hajiya Rabi, Manchester: Kana iya kai bayani ba tare da sunanka ba, kuma doka tana kare mai tona asiri.

Bashir, Leeds: A kamfanin da mutum huɗu ne ke zagayen unguwa ɗaya, Hajiya? Ko ba suna an san wane ne.

Auwal, Bradford: Ni dai ba zan ce da 'yar'uwar ta yi watsi da shaidar ba. In ta ga "bai isa ba" ko "yana buƙatar gyara" na kwanan nan, ta yarda da shi, ba a banza ake rubuta shi ba. "Mai kyau" ɗin ne ke buƙatar ƙarin tambaya. Ta tambayi kamfanin mutum nawa ne za su riƙa zuwa wa surukarta a mako, ko ana biyan ma'aikata lokacin tafiya, da wanda za ta kira in ƙarfe tara ta yi ba kowa. In tana son mace ce kaɗai za ta yi mata wanka, a rubuta a tsarin tun ranar farko.

Hajiya Rabi, Manchester: Ta zo ta tambaye ni waɗannan, zan amsa. Amma Malam Bashir har yanzu bai janye "ba ta gaya maka komai" ba.

Bashir, Leeds: Na rage zuwa "kaɗan". Sauran sai na dawo, an ƙara mini gida biyu a zagayen yamma.